Yadda Za Ka Lissafa Lokacin Ciki da Haihuwar Jemagu Daga Nisan Wuri da Ikwaita

A arewa maso gabashin Sukotland akwai wani rukunin ƙananan jemagu masu cin ƙwari da masana biyu, Paul Racey da Susan Swift, suka bi diddiginsu shekara biyu a jere. A 1978 cikin matan ya ɗauki kwana 41 kafin haihuwa. A 1979, jinsi ɗaya, mazauni ɗaya, sai da ya kai kwana 51. Babu abin da ya sauya illa yanayi: sanyi ya riske su da ƙaramin ciki, ƙwari suka ɗauke, cikin ya yi ta jan ƙafa. Saboda haka idan wani ya tambaye ka kwana nawa jemage ke yi da ciki, kada ka yi saurin ba shi lamba. Tambaye shi tukuna: wane jemage, a ina, kuma wace shekara?

Wannan jagora ta wanda ke son ya zauna da taswira da alƙalami ya fitar da kalandar wani rukunin jemagu ce, sannan ya je ya gwada ta da idonsa. Ɗalibin ilimin dabbobi na buƙatarta, haka ma'aikacin gandun daji, da jami'in lafiya mai lura da kogunan da mutane ke shiga, da wanda jemagu suka tare a rufin gininsa yana neman ranar da zai toshe ƙofarsu ba tare da ya rufe jarirai a ciki ba.

Mataki na farko: samo latitud, ka lura da ɓangaren da kake

Latitud shi ne nisan wuri daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, kuma da digiri ake auna shi: sifili a kan layin, 90 a can ƙuryar arewa ko ta kudu. Kowane digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. Taswirar da ke wayarka za ta ba ka lambar, ba ka buƙatar fiye da digiri cikakke. Rubuta ko arewa ne ko kudu, domin watannin juyawa suke yi. Abin da jemagun Faransa ke yi a Yuni, 'yan uwansu na Afirka ta Kudu a Nuwamba da Disamba suke yin sa.

Lambar da kanta ba ta taɓa jikin jemage. Abin da take gaya maka shi ne tsawon yini da yanayin shekara. A ikwaita yini awa 12 ne kullum. A digiri 30 yana kaiwa awa 14 a tsakiyar zafi, ya sauko zuwa 10 a hunturu. A digiri 60 kuwa kusan awa 19 ne a Yuni, ƙasa da 6 a Disamba. Ga dabbar da ba ta fita sai dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne: a daidai lokacin da uwa ta fi buƙatar abinci, a lokacin ne darenta ya fi gajarta.

Mataki na biyu: fara da shayarwa, ba da barbara ba

A nan mafi yawan masu lissafi ke kuskure. Sukan nemi lokacin barbara, su ƙara kwanakin ciki, su ce ga ranar haihuwa. Wannan hanya takan yi aiki ga akuya, ba ta yi ga jemage. Turken da jemage ya ɗaure shekararsa a kai shi ne shayarwa.

Dalili kuwa, jaririn jemage babba ne tun ranar da ya faɗo, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin uwarsa. Kuma ba ya iya ciyar da kansa sai fikafikansa sun kusa kai na manya, domin abincin nasa a sama yake. Har zuwa ranar nan nono ne kaɗai. Uwa mai cin ƙwari, idan shayarwa ta yi nisa, takan ci abin da ya kusa nauyin jikinta a dare ɗaya. Bayan yaye kuma dole ɗan ya tarar da abinci a wadace yayin da yake koyon farauta, in ba haka ba ba zai ga baɗi ba. Don haka tambayarka ta farko ita ce: a wannan wurin, a waɗanne watanni ne ƙwari ko 'ya'yan itatuwa suka fi yawa? Sa alama a farkon waɗannan watanni. Haihuwa tana nan kusa.

Latitud zai ba ka amsar a dunƙule. Daga digiri 40 na latitud zuwa sama, ma'aunin zafi ne ke mulki. Ƙwari ba sa tashi sosai idan iska ta sauka ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Salsiyas, don haka ƙofar abinci a buɗe take na 'yan watanni kawai. Haihuwa sau ɗaya ce a shekara, a Yuni ko Yuli idan arewa ne, kuma mata sukan haihu kusan tare, cikin makonni biyu ko uku. Mafi nisan arewa da aka san jemage na hayayyafa shi ne Norwe, wajen digiri 69, inda jinsin Eptesicus nilssonii ke shayar da 'ya'yansa a watannin da dare ba ya yin duhu sosai.

Tsakanin digiri 25 da 40 hunturu na nan amma bai da tsanani, haihuwa takan zo da wuri kaɗan, daga Mayu a wurare da dama na arewa. Da ka gangaro ƙasa da digiri 25, sai ka ajiye ma'aunin zafi ka ɗauki na ruwan sama. Inda damina ɗaya ce, mafi yawan masu cin ƙwari sukan haihu sau ɗaya, a bakin damina. Kusa da ikwaita kuwa, inda wurare da yawa ke samun damina biyu, haihuwa biyu a shekara ba abin mamaki ba ce, wasu jinsunan ma ba su da tsayayyen lokaci. Nazarin da Ric Bernard da Graeme Cumming suka wallafa a 1997 kan jemagun Afirka ya nuna wannan gangara: haihuwa fiye da sau ɗaya a tsakiyar nahiyar, sau ɗaya yayin da ake nisa da ikwaita.

Jinsi guda ma yakan nuna duka biyun. Jemagen kogo mai cin 'ya'yan itace, Rousettus aegyptiacus, cikinsa wata huɗu ne. A Yuganda mata na haihuwa sau biyu, wajen Fabrairu zuwa Maris, da kuma Agusta zuwa Satumba. A Afirka ta Kudu galibi sau ɗaya ne, wajen ƙarshen shekara.

Mataki na uku: san dangin da kake mu'amala da shi

Ba sai ka kai ga sunan jinsi ba, dangi ma ya isa ka fara. Manyan jemagu masu fuska kamar ta kare da manyan idanu, masu cin 'ya'yan itace ne, cikinsu wata huɗu zuwa shida. Ƙanana masu fuska sumul da jela a cikin fatar da ke tsakanin ƙafafu, galibi dangin Vespertilionidae ne, ainihin cikinsu kwana 40 zuwa 70 a mafi yawansu. Masu hanci mai kama da takalmin doki dangin Rhinolophidae ne. Waɗanda jelarsu ta leƙo waje kamar ta ɓera, masu dogayen fikafikai sirara, su ne Molossidae, kuma waɗannan su ne masu karya lissafi.

Molossidae na tashi sama sosai, su yi nisa, su samu ci inda wasu ke kwana da yunwa. Ƙaramin nan da aka daɗe ana kira Chaerephon pumilus cikinsa kimanin kwana 60 ne, kuma macen kan ɗauki sabon ciki ba da jimawa ba bayan ta haihu. A arewa maso gabashin Afirka ta Kudu, wajen digiri 25, an ga yana haihuwa sau uku a damina guda: farkon Nuwamba, ƙarshen Janairu, farkon Afrilu. Idan irin wannan ne a rufinka, lissafin haihuwa ɗaya zai yaudare ka.

Mataki na huɗu: lissafa baya, ka nemo inda aka tsaya

Yanzu kana da watan haihuwa da tsawon ainihin ciki. Cire wannan daga wancan, za ka samu lokacin da ɗan tayi ya fara girma gadan-gadan. Sai dai ba lallai ne lokacin ya zama na barbara ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ɗauki ƙaramin jemage a digiri 52 arewa. Haihuwa a ƙarshen Yuni, ciki mako shida zuwa bakwai, ke nan ya fara wajen farko ko tsakiyar Mayu. To amma namiji na buƙatar watanni na ƙoshi kafin jikinsa ya haɗa maniyyi, shi kuwa yanzu ya farka daga barcin hunturu, fata da ƙashi. Ba zai yiwu ya shirya a Mayu ba. Abin da ke faruwa shi ne yakan haɗa maniyyin a lokacin zafin bara, a yi barbara da kaka, daga Agusta zuwa Nuwamba, wani lokaci har cikin kogon barci. Tsakanin barbara da haihuwa akwai giɓin wata bakwai, takwas ko fiye, alhali cikin bai wuce mako bakwai ba. Jemagu na cike wannan giɓi ta hanyoyi uku, kuma aikinka ka gane wacce ce a gabanka.

Hanya ta farko ita ce ajiyar maniyyi. Mace ta karɓa da kaka, ta riƙe shi da rai a mahaifarta ko a bututun ƙwai duk tsawon hunturu, ba ta saki ƙwai ba sai ta farka da bazara. Racey ya nuna cewa a jinsin Nyctalus noctula maniyyin da ya yi kwana 198 a ajiye ya haifar da ciki. Wannan ce hanyar kusan duk Vespertilionidae da Rhinolophidae na ƙasashen sanyi. Macen da ka gani a kogo a Janairu ba ta da ciki ko kaɗan, duk da an yi barbara tun tuni. Ajiyar na gajarta yayin da kake gangarowa: ƙananan jemagun gora na Maleshiya, Tylonycteris, makonni uku kawai suke riƙewa. Akwai kuma inda namiji ne ma'ajin. A jinsin Rhinolophus capensis na kudancin Afirka ta Kudu shi ke riƙe maniyyin har hunturu ya wuce, sai a Agusta da Satumba ake barbara, a haihu Nuwamba zuwa Disamba.

Hanya ta biyu ita ce jinkirin mannewa. A nan ƙwai ya haɗu da maniyyi nan take, ya ɗan rarrabu ya zama ƙwallo mitsitsi, sai ya tsaya yana yawo a mahaifa bai manne da bangonta ba. Ciki ya shiga, amma ya kwanta. Babu inda tasirin latitud ya fito fili kamar a dangin Miniopterus, masu dogon yatsan fiffike da ke lanƙwashewa idan sun sauka. A Faransa ana barbara da kaka, cikin ya kwanta duk hunturu, a haihu a Yuni. A Afirka ta Kudu ana barbara Maris zuwa Afrilu, cikin ya kwanta kimanin wata huɗu, ya manne wajen Yuli ko Agusta, a haihu daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, jimilla wata takwas. Kusa da ikwaita kwanciyar takan ragu ƙwarai ko ta ɓace. Tsawon hunturu shi ne tsawon kwanciyar cikin.

Hanya ta uku ita ce jinkirin girma. Ɗan tayi ya manne, amma girmansa ya koma tafiyar hawainiya. Macrotus californicus na hamadar Arizona ba ya barcin hunturu, yana barbara Satumba zuwa Oktoba, tayin ya yi ta rarrafe har Maris, sannan ya zabura, a haihu Mayu ko Yuni. A Fanama, digiri 9 kacal, Theodore Fleming ya bayyana a 1971 cewa Artibeus jamaicensis na haihuwa sau biyu, Maris zuwa Afrilu da Yuli zuwa Agusta, kuma cikin da aka ɗauka bayan haihuwa ta biyu yakan lafa daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, don ɗan ya sauka lokacin da 'ya'yan itace suka nuna. Zakaran wannan fage shi ne ƙaramin jemagen Filifin, Haplonycteris fischeri, wanda tayinsa kan lafa har wata takwas, cikin gaba ɗaya ya kai wata goma sha ɗaya da rabi.

Ka lura misalai biyun nan na ƙarshe daga ƙasashen zafi suke. Kada ka ɗauka cewa jinkiri na masu hunturu ne kaɗai, duk inda shekara ke da watannin yunwa ana iya samunsa. Misalin da ya fi kunyata mai dogaro da taswira zalla shi ne babban jemagen nan mai launin busasshiyar ciyawa, Eidolon helvum. A Kamfala, kusan a kan ikwaita, inda za ka rantse haihuwa biyu ce, Festo Mutere ya gano a shekarun 1960 cewa sau ɗaya yake haihuwa: barbara daga Afrilu zuwa Yuni, mannewa sai Oktoba ko Nuwamba, haihuwa Fabrairu zuwa Maris, gab da babbar damina. A ganina duk mai koyon wannan lissafi ya kamata ya rubuta sunan jemagen nan a saman takardarsa, don ya riƙa taka masa burki.

Akwai kuma masu guje wa matsalar da fiffike. Tadarida brasiliensis na yin hunturu a Meksiko, a yi barbara da bazara, matan su taso arewa da cikin mako 11 zuwa 12, su haihu a Yuni a koguna irin su Bracken da ke kusa da San Antonio a Teksas, inda miliyoyinsu ke taruwa. Ga mai ƙaura irin wannan, latitud ɗin da za ka saka a lissafi shi ne na wurin haihuwa, ba na wurin da ka fara ganinsa ba.

Mataki na biyar: gyara lissafin da yanayin bana

Abin da ka samu zuwa yanzu kalandar matsakaiciyar shekara ce, ita kuwa matsakaiciyar shekara a takarda kawai take. Jemage mai cin ƙwari, idan sanyi ya yi kuma babu ci, yakan saki zafin jikinsa ya sauko kusa da na iska, ya sanƙare don ya tsimi kitse. Mai ciki ma na yin haka, kuma duk sa'ar da ta yi a sanƙare, tayin ma a tsaye yake. Racey ya gwada wannan a ɗakin bincike a farkon shekarun 1970: ya sa masu ciki a sanyi ba abinci, haihuwarsu ta jinkirta da kimanin adadin kwanakin da suka yi a sanƙare. Ga sirrin kwana 41 da 51 ɗin can.

A wani tsohon gida da ake kira Woodchester a Ingila, Roger Ransome ya shafe shekaru gommai, tun daga ƙarshen shekarun 1950, yana bin rukunin manyan jemagu masu hancin takalmin doki. Ya gano cewa zafin Afrilu da Mayu ne ke tsayar da ranar haihuwa: idan matsakaicin zafin ya tashi daga digiri 8 zuwa 10, haihuwa kan matso da kimanin kwana 18. 'Ya'yan da aka haifa a makare kuwa ba su cika tsallake hunturun farko ba, don ba su samu lokacin tara kitse ba.

Saboda haka nemi bayanan zafin watanni biyun da suka gabaci haihuwa daga tashar yanayi mafi kusa. Idan sun fi na kullum sanyi ko ruwa ya yi yawa da dare, tura ranarka gaba da mako ɗaya zuwa biyu. Idan ɗumi ya zo da wuri, ja ta baya. A ƙasashen zafi tambayar ita ce yaushe ruwan farko ya sauka.

Sai tudu. Duk hawan mita 1000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, don haka dutse a digiri 35 na latitud na iya zama kamar fili a can arewa. Binciken da aka yi a tsaunukan Black Hills na Amurka ya nuna masu ciki da masu shayarwa na raguwa yayin da ake hawa, a bar maza a sama. Hakan ya dace da ɗabi'arsu: namiji na son wuri mai sanyi inda zai sanƙare da rana ya huta da neman abinci, mai ciki kuwa wuri mai zafi take nema, ƙarƙashin rufin da rana ke duka ko ƙuryar kogon da ke riƙe ɗumi, ta cusu cikin 'yan uwanta. Rukuni biyu a gari ɗaya, ɗaya a rufi mai zafi ɗaya a wuri mai sanyi, na iya bambanta da kwanaki. Ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai ajiye bayanai, da aka rataya a mazaunin kafin matan su taru, ya fi kowane hasashe.

Mataki na shida: je ka gani

Gani ya kori ji, kuma mafi yawan abin da kake buƙata za ka same shi ba tare da ka taɓa jemage ko ɗaya ba. Nemi ramin da suke fita. Kashi a bango ko a ƙasa da ɗan maiƙo a bakin ramin za su nuna maka. Tsaya gefe minti ashirin kafin faɗuwar rana, yadda ramin zai kasance tsakaninka da hasken sama, kada ka haska tocila. Ƙirga masu fita, ka cire masu komawa, har sai an yi minti goma babu motsi. Maimaita sau ɗaya a mako, ka rubuta kwanan wata da zafi da ko an yi ruwa.

Littafin nan zai fara magana da kansa. Adadi zai hau yayin da masu ciki ke taruwa, ya tsaya. Gab da haihuwa fitarsu kan yi nauyi, wasu su makara. Alamar haihuwa mafi sauƙi ita ce komawar tsakar dare: Swift ta lura cewa masu ciki kan fita sau ɗaya, masu shayarwa kuwa kan dawo su ba da nono su sake fita kafin asuba. Da rana kuma za ka ji 'yar siririyar tsuwa daga rufin, wani lokaci ka tsinci jariri tsirara, ido a rufe, ya faɗo. Sannan wata rana adadin zai yi tsalle, ya ƙaru da rabi ko fiye, ka ga wasu na tashi a karkace suna kewaya bakin ramin. 'Ya'ya ne suka fara fita. A ƙananan masu cin ƙwari cire mako uku zuwa huɗu daga wannan ranar, ka samu lokacin haihuwa. Manyan masu cin 'ya'yan itace sun fi sauƙi, da tabarau mai jawo nesa za ka ga jariri manne a ƙirjin uwa a kan reshe.

Duba jemage a hannu aikin wanda aka horar ne, mai izinin hukuma, da allurar rigakafin ciwon haukan kare, da safar hannu. Idan kana tare da irin wannan, ga abin da ake dubawa. Ana shafa mara a hankali da yatsa: cikin da ya yi nisa yana da tauri, har kan tayin ana ji. Ƙaramin ciki ba ya jiyuwa, kuma tumbin da ya cika da ƙwari kan yi kama da ciki, shi ya sa aka fi gaskata wanda aka kama da magariba kafin ya ci. Sai a hura gashin da ke gefen ƙirji, kusa da hammata, inda nonon yake. Mai shayarwa kan nononta ya kumbura, kewayensa babu gashi, idan an ɗan matsa farin ɗigo ya fito. Wadda ta yaye, kan ya bushe ya yi duhu, gashi ya fara tsirowa. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba, sai ka yi da gaske kafin ka gan shi. A kula da masu hancin takalmin doki, suna da wasu nonuwan bogi a ƙasan mara waɗanda jariri ke kamawa don ya riƙe uwa, ba sa ba da nono.

Don gane ɗan bana, buɗe fiffike ka sa haske a bayansa, ka dubi gaɓoɓin yatsu. Na yaro doguwa ce sumul, da wani zobe garai da haske ke ratsawa, guringuntsi ne da bai zama ƙashi ba. Na babba dunƙulalliya ce mai duhu. Mace mai tsohon ciki ko mai jariri a jiki ba a riƙe ta, a duba a sake ta nan take, kuma ba a kafa raga a bakin mazaunin masu jego a makonnin haihuwa.

Idan abin da ka gani ya saɓa da lissafinka, abin da ka gani ne gaskiya. A Ostireliya babban jemagen Pteropus poliocephalus na haihuwa wajen Oktoba bayan cikin wata shida, amma ɗan uwansa ja, Pteropus scapulatus, da sukan sauka a itace ɗaya wani lokaci, sai Afrilu da Mayu yake haihuwa, don furannin da ya dogara da su daban ne. Shekara ɗaya ta ƙirga ba ta isa a kafa hujja ba, uku ta fi.

Mataki na bakwai: mayar da kalandar aiki

Ga mai gini, lokacin da ba a taɓa rufi shi ne daga taruwar masu ciki har 'ya'ya su ƙware da tashi, ka ƙara mako biyu a kowane gefe saboda shekarar da ta makara. Toshe rami a tsakiyar wannan lokaci na nufin iyaye a waje suna neman hanya ta cikin ɗakuna, jarirai a ciki suna mutuwa, sai wari. Ƙasashe da dama sun mayar da wannan doka, kuma ranakun nasu ma latitud suke bi. A jihar Fulorida ta Amurka an hana korar jemagu daga gini daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Agusta. A Birtaniya, inda dokar 1981 ta kare jemagu da mazauninsu, lokacin jego daga Mayu ne zuwa Agusta, kuma ko bayansa sai da izini. Inda aka halatta, ana sa bututu ko labulen raga mai barin fita ya hana shiga, a bar shi kimanin mako guda na dare masu ɗumi, a ƙirga a tabbatar babu mai fita, sannan a toshe. A ƙasashen sanyi kada a jira hunturu, don mai barci ba ya fita. Inda ake haihuwa biyu ko uku, tagar aikin ƙarama ce, ƙirgarka ce kaɗai za ta nuna maka ita.

Ga jami'in lafiya kuwa, kalandar na nuna watannin haɗari. A kogon Python da ke gandun Queen Elizabeth a Yuganda, binciken da Brian Amman da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya gano cewa ƙwayar cutar Marburg, mai haddasa zazzaɓi mai kisa irin na Ebola, ta fi yawa a jikin matasan Rousettus masu kimanin wata shida. Tunda haihuwa biyu ce a shekara, wata shida tsakani, 'ya'yan zagayen baya na cika wata shida daidai lokacin da ake sabuwar haihuwa, kuma galibin lokutan da aka san cutar ta tsallaka zuwa mutane sun faɗo a waɗannan watanni. Idan kogon da ke yankinka na irin wannan jemage ne, zana watannin haihuwar biyu da jan alƙalami, ka ƙara wata guda gaba da baya, ka kai takardar ga masu haƙar ma'adinai da masu kwasar kashin jemage da masu kai baƙi yawon buɗe ido kafin watan farko ya kama.